Filin Kwamfuta: Rumbun Ajiya Bayan Ɗaukewar Wuta

A wannan wata za mu duba rumbun ajiya na tarayya, wato kwamfuta guda wadda makaranta ko ƙungiya take tara takardunta a ciki, sauran kwamfutoci suna ɗiba daga can.

Shi rumbun ba ya buɗe kansa, akwai manhajojin da ke riƙe da ƙofarsa. A kan Linux biyu ne suka fi shahara: NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya fito da ita a 1984, da kuma Samba, wadda Andrew Tridgell na ƙasar Ostireliya ya fitar a 1992, ita ce ke ba kwamfutocin Windows damar shiga.

To, ga inda mutanenmu ke tuntuɓe. Tayar da manhaja daban, sa ta cikin masu tashi da kansu daban. A tsarin systemd, in ka rubuta "systemctl start nfs-server", ta tashi, amma na yanzu kawai. Da wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfuta za ta kunnu sarai, rumbu kuwa a rufe. Sai ka ga malami ya zo neman sakamakon jarrabawa, hankalinsa ya tashi, yana zaton an goge kome, alhali takardu suna nan lafiya. Maganin kalma ɗaya ce: "enable" a maimakon "start". Mai son tabbatarwa ya tambaya da "is-enabled". A lura, sunan Samba "smbd" ne a Debian da Ubuntu, "smb" a Fedora.

Amma ba mu goyon bayan masu kunna kome da kome wai don kada a rasa. Kowace manhaja ƙofa ce take buɗewa. A watan Mayu na 2017, cutar WannaCry ta bi ta tsohon tsarin rabon fayil na Windows, SMB na 1, ta kama kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka yi ta mai da marasa lafiya gida. Idan ɗakinku Windows kaɗai ke ɗiba, a bar Samba, a kashe NFS da "disable".

Saura masu ɗiba. Sau da yawa sukan riga rumbu tashi, su tsaya cik suna jiransa. A kwamfutar Linux, a ƙara "nofail" a layin rumbun cikin fayil ɗin /etc/fstab, domin ta ci gaba da tashi ko da rumbu bai farka ba. Kafin a bar ɗakin kuma, a kashe rumbun da gangan, a sake kunna shi, a ga abin da ya tashi.