Wane Irin Yaro Makarantun Islamiyya Ke Nufin Yayewa?

Duk wanda ya ratsa Funtuwa, ko Bakori, ko Malumfashi da sassafe, zai ga yara maza da mata cikin tufafi iri ɗaya suna tururuwa zuwa makarantun Islamiyya. Tun da 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyaye da dama sun fi natsuwa da makarantar jeka-ka-dawo, inda yaro zai kwana a gaban uwarsa. Watau nauyin da ke kan waɗannan makarantu ya ƙaru. Amma fa in ka tambayi mai makaranta wane irin mutum yake nufin yayewa bayan shekara shida, sau da yawa amsar ba ta wuce saukar Alƙur'ani da walima. Sauka babbar daraja ce, babu mai musun wannan, sai dai ita kaɗai ba ta isa ta zama manufar makaranta ba.

A nan ne ya kamata mu leƙa yadda Yahudawan Amurka da Ingila ke tafiyar da nasu makarantun jeka-ka-dawo. Wani zai ce, me ya haɗa mu da su? To, ba maganar siyasar Falasɗinu muke yi ba, maganar renon yara ce. Kowane almajiri ya san Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit da ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koya. Ashe ɗaukar abin amfani daga wajen wanda kuka saɓa ba baƙon abu ba ne a addininmu.

Su waɗannan mutane tsiraru ne a ƙasashen da suke zaune, suna kuma tsoron kada 'ya'yansu su narke cikin jama'a su manta addininsu. Shi ya sa a 1944 suka kafa ƙungiyar Torah Umesorah a birnin New York, da nufin duk garin da ke da Yahudawa ya sami makarantarsa. A yawancin makarantun akan raba yini biyu: rabi na Attaura da harshen Ibrananci, rabi na lissafi da kimiyya da Turanci.

Abu na farko da suke nema ga yaro shi ne fahimta. Ana koya masa Ibrananci domin ya buɗe littafi ya gane abin da ke ciki da kansa. Mu kuwa nan, yara nawa ne ke rera Ahalari da Ishmawi tiryan-tiryan, alhali ba za su iya haɗa jimla ɗaya ta Larabci ba?

Na biyu shi ne iya tambaya. Suna da wata hanyar karatu da suke kira habruta, inda ɗalibai biyu za su zauna kan nassi ɗaya, wannan ya kawo fassara, wancan ya ja da shi, har su kai ga matsaya. Wannan ba ta da nisa da muraja'ar da almajiran zaure ke yi bayan malam ya tashi. Amma a azuzuwanmu na yau, yaron da ya cika tambaya akan ce ba shi da ladabi, wani lokaci ma bulala ce amsarsa. Matambayi dai ba ya ɓata.

Na uku shi ne ɗaukar nauyin jama'a. A ajin ƙananan yara akan ajiye asusun tsedaka, wato sadaka, yaro ya riƙa jefa 'yan kuɗinsa tun bai san ƙidaya sosai ba. Me zai hana ɗaliban Islamiyya a Funtuwa su riƙa tara abin da ya sawwaƙa domin marayu da waɗanda rashin tsaro ya kora daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu shi ne abin dogaro da kai. A nan su ma ba duka suka dace ba. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wasu makarantunsu na masu tsananin riƙo a New York, waɗanda suka yi sakaci da Turanci da lissafi har yaransu maza suka riƙa faɗuwa warwas a jarrabawar gwamnati. Wannan ishara ce gare mu. Yankinmu na noma ne: auduga, da masara, da dawa, da waken soya. Ba don banza Bankin Duniya ya zaɓi Funtuwa ba a 1975, tare da Gusau da Gombe, domin fara shirin bunƙasa aikin gona. Yaron da ya fita Islamiyya bai iya karanta rubutun jikin kwalbar maganin feshi ba, bai iya lissafin buhun takin da eka ɗaya za ta ci ba, lalle dillalan kasuwar Dandume za su sha romonsa. Gonar makaranta, ko da 'yar ƙarama ce, ta fi doguwar lacca.

Kada a ɗauka haɗa addini da zamani sabon abu ne gare mu. Marigayi Malam Aminu Kano da abokansa sun buɗe makarantun Islamiyya tun cikin shekarun 1950 domin yaran talakawa su koyi Larabci da lissafi a aji ɗaya, sun kuwa sha tsangwama a kan haka. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗora daga inda suka tsaya.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Katsina da kada ta yi wa wata Islamiyya rajista sai masu ita sun rubuta manufarsu dalla-dalla, sun kuma nuna malaman da za su cika ta. Su kuma iyaye, kamata ya yi su daina auna makaranta da girman walimarta. Ranar da yaro ya dawo gida, a buɗe masa littafi a ce ya fassara, a ba shi lissafin gona a ce ya warware. Iyayen da ke biyan kuɗin wata daga guminsu suna da haƙƙin ganin wannan. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.