Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so mu yi shawara a kan manhajojin da ake shirya kayan koyarwa da su a kwamfuta.

Ɗalibai da yawa na bayan fage suke sakawa, irin su Photoshop, don kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan makaranta. To, wannan zanen aro ne, kuma aron da mai shi bai yarda ba. Sau da yawa da ƙwayar cuta suke zuwa, ran da ta motsa sai aikin zango guda ya salwanta. Balle ma, ina mutuncin malamin da zai hori yara su bar sata, alhali kuwa da kayan sata yake aiki?

Ga shi kuwa akwai na halal. Audacity, wadda ta fito a 2000, tana ɗaukar murya, ka yanke inda harshenka ya yi tuntuɓe. GIMP ta gyaran hoto ce, Inkscape ta zane, LibreOffice ta rubutu. Ba a biyan ko kwabo, kuma suna aiki ko babu intanet. Abin da ya fi, masu su sun yi izini a kwafa, a raba, a gyara, har a juya su da Hausa. Richard Stallman ya share wannan hanya a Amurka a 1983, da shirinsa na GNU.

Wani zai ce bai saba da su ba. Gaskiya ne, amma da koyo akan iya. Ina roƙon hukumar kwalejinmu ta sa su cikin darasi, don kowa ya tafi da su makarantar da za a tura shi, ya koya wa yara ba da fargaba ba.