Likitan da ba ya bayani, rabin aiki ya yi

Manomin albasa na ƙasar Dogarawa, cikin gundumar Malbaza, ya san kuɗin buhu a Galmi, ya san kuɗinsa a Birnin Konni, har ma a Illelar Najeriya. Amma in ya fito daga ɗakin likita riƙe da takardar magani, aka tambaye shi cutar da aka gano, sai ya yi shiru. Ba wauta ba ce, ba a gaya masa ba ne. An duba shi tsaitsaye, an rubuta da Faransanci, an kira na gaba.

Ma'aikatan lafiya suna da hujjarsu: jama'a ta yi yawa, kayan aiki sun yi kaɗan. Gaskiya ne. Dokar 1995, bisa tsarin Bamako na 1987, ta ɗora wa majinyaci kuɗin magani, kuma jinyar kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, wadda aka ayyana a 2006, ta bar ɗakunan shan magani da bashin da gwamnati ta daɗe ba ta biya ba. To, amma yaushe gaisuwa ta fara jiran kasafin kuɗi?

Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka wallafa a 2003 kan manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, ya nuna cewa mai hanya ake tarba da fara'a, marar kowa kuwa ya sha wulaƙanci. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati sun san wannan ƙofar baya sarai, tunda galibi su ke shiga ta nan.

Haɗarin shirun likita a fili yake. Mai tarin fuka da ba a faɗa wa cewa maganinsa na wata 6 ne ba, yakan bar sha da zarar tari ya lafa, cutar ta dawo tana bijire wa magani, ta kuma kama iyalinsa. Mai hawan jini ya ga kwali ya ƙare, ya ɗauka ya warke. Matar da aka daka wa tsawa tana naƙuda, haihuwa ta gaba a ɗakinta za ta yi, ba a kawo ta sai jini ya ɓalle. Wanda aka kora da kallo kuwa, mai tallar ƙwayoyi a kasuwa yana jiransa, ga haƙuri, ga Hausa zalla, ga jabu. Ƙasar da aka yi wa dubban mutanenta allurar sanƙarau ta jabu a 1995 ba ta da rarar amanar da za ta zubar. Shi kansa likita bai tsira ba, domin dangin da ba a sanar da su girman cuta ba, ranar rasuwa shi za su tuhuma. Dangwala yatsa a takardar fiɗa da mutum bai iya karantawa ba, ba yarda ba ce.

Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, har daga Najeriya ake zuwa masa, a kuma biya. Majinyaci ba ya ƙin nisa in ya amince.

A 2024 hukumomi sun rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Madalla. Saura ma'aikatar lafiya ta wajabta bayani da harshen majinyaci kafin a miƙa takarda, ta kuma danƙa wa kwamitocin jama'a masu kula da ɗakunan shan magani littafin koke-koke, wanda babban likitan gundumar Malbaza zai karanta kowane wata, ya sa hannu.