Daga Zauren Briqueterie: Almajiri ya gyara wa malaminsa



Kwanan baya muna zaune a shagon wani dattijo tela a nan unguwarmu, sai ya jawo littafin kimiyya na ɗansa ya ce, "Ku duba min. Shafi ɗaya ya ce ƙwayar zarra ba ta rabuwa, na gaba ya ce tana rabuwa. Karatun da ke ƙaryata kansa, gara yaro ya dawo kan keke." To, Baba, a yi mana haƙuri, ga abin da muka gani.

Zancen zarra ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman tauhidi irin su Baƙillani, wanda ya rasu a 1013, sun yi bayanin jauhari, wato ɗan ƙaramin abin da ba ya rabuwa. Girkawa ma sun faɗi haka tun kafin haihuwar Annabi Isa. Amma duk da hankali suka auna, babu gwaji.

A 1808 John Dalton na Ingila ya wallafa cewa kowane sinadari yana da irin zarrarsa da nauyinta, kuma dunƙulalliya ce. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilaktoron a cikinta. Ashe tana da 'ya'ya! Ya ɗauka tana kama da alewar gyaɗa, ilaktoron suna maƙale ciki kamar gyaɗar.

Wa ya rushe wannan? Almajirinsa, Ernest Rutherford. A Manchester mataimakansa suka riƙa harba wasu ƙananan ƙwayoyi kan fallen zinariya. Galibi suka wuce salin-alin, 'yan kaɗan suka dawo baya. A 1911 Rutherford ya ce lalle nauyin zarra yana tattare ne a wata 'yar cibiya, sauran duk fili ne. Misali, in cibiyar ƙwayar gero ce a tsakiyar filin ƙwallo na Ahmadou Ahidjo, to ilaktoron suna can wajen kujerun 'yan kallo.

Ba a tsaya nan ba. Niels Bohr, wanda ya zauna gaban Rutherford, ya ce a 1913 ilaktoron suna kewaya cibiya hawa-hawa. A 1926 lissafin Erwin Schrödinger ya kai ga fahimtar cewa ba su da tsayayyar hanya, sai dai a ce ga inda aka fi zaton samunsu. A 1932 James Chadwick, shi ma almajirin Rutherford, ya gano niyutoron a cikin cibiyar.

Kun ga, littafin yaron tarihi yake ba shi, daki-daki. Kowa ya ɗora a kan na gabansa, ya gyara inda gwaji ya nuna kuskure. Shi kansa Baba, ai ba irin ɗinkin da maigidansa ya koya masa yake yi yau ba.

Kuma abin ya shafe mu. Wannan ilimi ne ya sa yuraniyom ɗin da aka fara haƙowa a Arlit ta Nijar a 1971 ya zama wutar lantarki a Faransa. Da shi ake gasa ciwon daji a asibiti. In 'ya'yanmu ba su karanta ba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka, Baba, a bar yaro ya ƙarasa. Keke yana nan ranar Asabar.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.