Sharhi: Kuɗin Cizo da Gara a Gidajenmu, Wa Ya Kamata Ya Yi Feshi?

Kamar yadda jama'a suka sani, da zarar zafin bazara ya kankama a birnin Katsina da ƙauyukan kewaye, kuɗin cizo kan addabi gidaje da makarantun kwana da na allo. Idan kuma ruwan farko ya sauka, shinge ya tashi, alama ce gara na neman sabon mazauni. Abin da ya fi damun mu shi ne yadda magidanta ke tunkarar matsalar da gubar da ba a yi ta domin ɗakin kwana ba.

Mafi yawan abin da ake kira piya-piya yana ɗauke da sinadarin DDVP, wanda ke cikin Sniper, maganin ƙwarin gona. Saboda burbushinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a shekarar 2015. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa na gona a kasuwanni da manyan kantuna. Mafi muni shi ne ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu, domin iskar da take fitarwa na iya kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Bugu da ƙari, feshin ganin dama ba ya biyan buƙata. Kuɗin cizo na ɓuya a ɗinkin katifa da tsagar gado da bango, yana yin watanni bai sha jini ba, ƙwansa kuma kan tsallake feshin farko ya ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Shi ya sa ƙwararren mai feshi ke dawowa bayan kamar mako 2, ya kuma sa a wanke shimfiɗu da tafasasshen ruwa. Lamarin bai tsaya ga talaka ba, domin a 2023 ƙwaron ya tayar da hankalin hukumomi a birnin Paris na ƙasar Faransa.

Ita kuwa gara, wadda ake gani a jikin ƙofa 'yar aike ce, uwarta na can ƙarƙashin ƙasa tana zuba ƙwai. Sai an bi hanyarta zuwa suri, ko an zuba magani a ramin harsashi tun kafin gini. Magabatanmu sun san haka, shi ya sa suka zaɓi azarar giginya wadda gara ba ta ci da sauƙi.

Tun 2002 doka ta kafa majalisar rajistar jami'an tsabtar muhalli, wadda yanzu ake kira EHCON, kuma ita ke ba kamfanonin feshi lasisi. Saboda haka muna kira ga magidanta da su nemi ganin lasisi da sunan magani kafin a fara aiki, a fitar da yara da dabbobi da abinci, kada a koma ɗaki sai lokacin da mai feshi ya ƙayyade. Maƙwabta kuma su haɗa kuɗi a yi wa gidajensu tare, don ƙwaro ba ya sanin katanga.

Har ila yau, ya dace shugabannin ƙananan hukumomi 34 na jihar nan su ƙarfafa wa duba-gari zagayen kasuwanni da makarantu, dagatai da masu unguwanni su kai rahoton masu tallar guba a kwalabe marasa suna. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.