Halin ɗalibi da zaɓen jami'a

Zaɓen jami'a da kwas ɗin da ɗalibi zai karanta ya rataya ne a kan makin da ya ci a jarrabawar JAMB, da ƙarfin aljihun iyayensa, da kuma halinsa. Maki da kuɗi kowa yana maganarsu. Hali kuwa ba kasafai ake tuna shi ba, sai yaro ya kai aji biyu a jami'a ya fara faɗuwa darussa, sannan a tambaya me ya faru.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna ƙoƙarin karkasa halayen mutane. Wanda ya fi shahara a intanet shi ne gwajin Myers-Briggs, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara a Amurka bisa littafin Carl Jung na 1921, ya kuma raba mutane gida 16. Gwajin yana da daɗin yi, amma masana da yawa ba su gamsu da shi ba, domin mutum kan sake shi bayan 'yan makonni ya samu kansa a wani gida daban. Bai kamata a gina makomar yaro a kansa ba.

Wanda ya fi amfani ga mai neman shiga jami'a shi ne tsarin John Holland, wani masani ɗan Amurka da ya fara gabatar da shi a 1959. Holland ya duba abin da mutum ke son yi da irin wurin da yake sakewa, ya fitar da rukuni shida: masu son aikin hannu da injuna, masu son bincike, masu fasaha da ƙirƙira, masu son hidimar jama'a, masu jan ragama da cinikayya, da masu son tsari da ajiye lissafi. Hikimarsa ita ce wuraren aiki da na karatu su ma suna da irin waɗannan halaye, kuma mutum ya fi daɗewa yana jin daɗi inda halinsa ya dace da na wurin. Ba wanda ya faɗa rukuni ɗaya tak. Galibi biyu ko uku ne suke rinjaye.

A nan ne al'adarmu ta "ɗana likita zai zama" take cin karo da gaskiya. Karatun likitanci yana da ɗakin fiɗar gawa tun shekarun farko, da kwana a asibiti, da sauraron koken majinyata daga safe har dare. Yaron da ya ƙware a Bayoloji amma ba ya jure jini ko yawan mutane zai fi bunƙasa a harhaɗa magunguna. Haka wanda hannunsa ba ya zama, kullum yana kwance rediyo da janareta, sau da yawa kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna za ta fi masa alheri a kan digirin da za a tilasta masa, ko da yake jama'a suna raina difloma, abin da bai dace ba.

Bayan kwas, ita kanta makarantar tana da hali. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, gari ce guda. A shekarar farko ɗalibi kan zauna a babban ɗakin lacca tare da ɗaruruwa, malami bai san sunansa ba, idan bai zo da wuri ba ya tsaya a bakin taga yana rubutu a tsaye. Mai kutsawa da tambaya yana cin ribar wannan yanayi. Mai kunya, wanda sai an ja shi a jiki yake magana, yakan ɓace a cikinsa, kuma ƙaramar jami'a ko kwalejin ilimi kusa da gida na iya zama mafi dacewa gare shi. Buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN kuwa sai mai iya tsara wa kansa lokaci ba tare da an tsaya a kansa ba.

Ana cewa hali zanen dutse, amma a shekarun samartaka bai gama bushewa ba. Bincike ya nuna mutane kan ƙara natsuwa da riƙon alhaki yayin da suke girma, don haka kuskure ne a rufe wa yarinya ƙofar karatun lauya don kawai tana da kunya a shekara 17. Hali jagora ne, ba alƙali ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi malaman ba da shawara a makarantun sakandare, amma a makarantun gwamnati da yawa ofishin suna ne kawai. Sakamakon haka, wani lokaci mai buga kwamfuta a cibiyar rajista ne yake zaɓa wa ɗalibi kwas, saboda layi ya yi tsawo. Ya kamata iyaye da malamai su zauna da yaro kafin ranar rajista, su tambaye shi abin da yake iya yi na sa'o'i bai gaji ba, su kai shi wurin masu sana'ar ya gani da idonsa. Wanda ya riga ya cike fom ɗinsa ba daidai ba, JAMB tana ba da damar sauya kwas ko makaranta kafin a kammala ɗaukar ɗalibai.