Waƙa a bakin mai ita: littafin Janar Degol da gardamar masu karatun tarihi

A ranar 15 ga Oktoba 2024 hukumomi suka sauke sunan Janar Degol daga wani babban titi na birnin Yamai, suka ɗora na Jibo Bakari. Sauke allo aikin yini ɗaya ne, maƙeri da mai fenti sun ishe shi. Abin da ba ya saukuwa cikin yini ɗaya shi ne littafin da mutumin ya bari, wanda tsofaffin ɗaliban lakwal da yawa suka karanta, wasu ma har yanzu yana jere a ɗakunansu. To, me ya kamata mai karatu na Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya yi da wannan littafi?

Littafin da ake nufi shi ne Mémoires de guerre, wato labarin yaƙin duniya na biyu kamar yadda Degol ya ba da shi da alƙalaminsa. Juzu'i uku ne: na farko ya fito a 1954, na biyu a 1956, na uku a 1959, kuma sun ɗauko zance tun daga faɗuwar Faransa a hannun sojojin Hitila a 1940 har zuwa watan Janairu na 1946, lokacin da janar ɗin ya ajiye mulki.

Ra'ayin masu karatu a kansa ya kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka ɗauke shi tamkar hukuncin alƙali: tun da mutumin shi ya jagoranci yaƙin, shi ya zauna da Cocil na Ingila da Rusbalt na Amurka, wa zai fi shi sanin abin da ya faru? Gani ya kori ji, in ji su, don haka littattafan malaman jami'a da aka haifa bayan yaƙin ba su da abin da za su ƙara. Akwai kuma waɗanda ke cewa littafin ɗan mulkin mallaka ne, ƙarya ce tun daga bango har bango, karanta shi ma cin amanar kakanni ne. Ɓangarorin biyu, duk da zafin da ke tsakaninsu, kuskure ɗaya suka tarar: sun manta da matsayin littafin. Shaida ce ta mutum ɗaya a cikin shari'ar da shi kansa yake da hannu a ciki. Alƙalin kirki ba ya korar irin wannan shaida, kuma ba ya yanke hukunci a kanta ita kaɗai.

Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan. Idan rigima ta tashi tsakanin mai kanti da dillalinsa, littafin bashi na mai kanti abu ne mai daraja, domin a ciki ake samun ranaku da adadin kaya. Amma babu dattijon kasuwa da zai raba gardama da wannan littafi kawai, alhali ya san hannun mai kanti ne ya rubuta shi. Haka ma'aikacin gwamnati ya san bambancin rahoton da shugaban ma'aikata ya rubuta a kan aikinsa da wanda mai bincike ya rubuta bayan ya buɗe akwatunan takardu.

Sai a duba lokacin da Degol ya zauna rubutu. Ba ya kan mulki, jam'iyyar da ya kafa a 1947 ta yi rauni, ya koma gidansa na ƙauyen Kolombe yana jiran ranar da ƙasarsa za ta sake kiransa, kuma ta kira shi a 1958. Juzu'i biyu na farko sun fito ne kafin wannan kira. Ke nan littafin aikin ɗan siyasa ne da ke da sauran buri, wanda yake so ƴan ƙasarsa su yarda da abu guda: cewa Faransa ta gaskiya ba ta taɓa miƙa wuya ba, kuma shi ne ya riƙe mata tuta. Har ma a wurare da dama yakan ambaci kansa da sunansa, kamar yana ba da labarin wani. Takardun da ya jera a ƙarshen kowane juzu'i na gaske ne, sai dai shi ya zaɓe su. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai waƙa ba ya rera baitin da zai kunyata shi.

Duk da haka, wanda ya ce a jefar da littafin ya yi wa kansa asara, domin a ciki akwai abubuwan da ɗan Afirka zai kafa hujja da su. Janar ɗin da ya yi kira daga gidan rediyon Landan ranar 18 ga Yuni 1940 ba shi da ƙasa ko taki ɗaya a ƙarƙashinsa a Afirka sai da gwamnan Cadi, Feliks Ebuwe, baƙar fata ɗan asalin Guyan, ya bi bayansa ranar 26 ga Agusta 1940, Kamaru da Kwango suka biyo cikin kwana biyu. Littafin bai ɓoye wannan ba. Bai ɓoye kuma kashin da ya sha a Dakar a watan Satumba na wannan shekara ba, lokacin da hukumomin da ke biyayya ga gwamnatin Bishi suka buɗe wa jiragensa wuta. Daga Cadi ne rundunar Leklar ta ƙetare hamada ta ƙwace Kufra daga hannun Italiyawa a farkon Maris 1941, kuma mafi yawan sojojinta baƙaƙen fata ne. Wani abin da ya fi wannan: da bakinsa Degol ya faɗi cewa a ƙarshen 1944 an janye sojoji ƴan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kimanin 20,000 daga fagen daga, aka tura su kudancin Faransa, aka miƙa makamansu ga ƴan gwagwarmaya Turawa. Dalilin da ya bayar shi ne sanyin hunturu. Mai karatu na iya auna wannan dalili da hankalinsa, amma da ya ƙi buɗe littafin, da bai sami wannan furuci daga bakin mai shi ba.

Inda littafin ya yi shiru kuwa, nan ne littattafan tarihi suke da aiki. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Caroy kusa da Dakar, sojojin Faransa suka harbe tsofaffin fursunonin yaƙi ƴan Afirka da suka dawo daga hannun Jamusawa suna neman a biya su haƙƙinsu. Degol ne shugaban gwamnati a ranar, amma mai neman labarin Caroy a cikin juzu'i na uku zai rufe littafin hannu wofi. Rahoton hukuma na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton soja ya ce 70, masana da suka tono takardun, irin su Armelle Mabon, suna ganin adadin zai iya kaiwa ɗaruruwa. Sai a Nuwamba 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Haka nan taron Barazabil na farkon 1944, wanda ake yaba wa janar ɗin a kansa: ƙudurorin taron sun kore batun mulkin kai ga ƙasashen da aka mallaka, ko da a nan gaba mai nisa. Aikin tilas kuwa bai faɗi ba sai da dokar Ufwe Bwanyi ta Afrilu 1946, bayan Degol ya bar mulki.

Nijar kanta tana cikin wannan shiru. Daga 1940 zuwa Nuwamba 1942 tana ƙarƙashin ikon Bishi, tare da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa, alhali Cadi a gabas tana tare da Degol, Nijeriya a kudu tana hannun Ingila. Iyakar da fatake suka saba ƙetarewa zuwa Kano da Katsina ta zama iyakar abokan gaba. Yadda talakawa suka ɗauki nauyin lanho da karɓar hatsi da dabbobi da ɗibar samari zuwa soja a waɗannan shekaru, babu janar ɗin da zai rubuta shi daga Landan ko Aljaza'ir, domin daga can ba a hango shi.

Masu cewa malamin jami'a bai ga yaƙi ba sun faɗi gaskiya, sai dai malamin ya ga abin da janar bai gani ba: takardun abokin gaba, wasiƙun ƙananan ma'aikata, da bakin waɗanda aka yi wa mulki. Ba'amurke Robert Paxton ya shiga takardun Jamus, ya fito da littafi a 1972 wanda ya nuna cewa gwamnatin Bishi da kanta ta nemi haɗa kai da Hitila, abin da ya girgiza labarin da Faransawa suka saba ji. Myron Echenberg ya rubuta tarihin sojojin Afirka ta Yamma a 1991. Eric Jennings ya nuna a 2014 cewa gwagwarmayar Degol ta shekarun farko a kan wuyan ƴan Afirka ta tsaya, da sojojinsu da ƙwadagonsu na roba da zinariya. Su ma waɗannan malamai suna iya kuskure, kuma suna da nasu ra'ayi. Bambancin shi ne kowannensu yakan nuna akwatin da ya ɗauko maganarsa, har wani ya je ya buɗe ya ƙaryata shi.

Ko a Faransa ba a daina wannan gardama ba. A 2010, da aka sa juzu'i na uku cikin littattafan jarrabawar bak ta sashen adabi, malamai da dama sun sa hannu a takardar ƙorafi suna cewa wannan ba adabi ba ne, siyasa ce. Wasu kuma suka kare shi da cewa janar ɗin gwanin alƙalami ne. Idan ƴan ƙasarsa suna yi masa wannan tankaɗe da rairaya, babu dalilin da ɗan Nijar zai haɗiye shi ɗungurungum, ko ya tofar da shi tun bai ɗanɗana ba.

Laifi tudu ne. Kafin a zargi Degol da rubuta labarinsa yadda ya yi masa daɗi, ya kamata a tambaya: ina na mazan jiya da suka dawo garuruwansu da lambobi a ƙirji da fansho da Faransa ta daskarar tun 1959? Kusan duk sun kwanta dama, kaɗan ne aka naɗi muryarsu. Ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Jibo Bakari ya nemi a ce a'a aka bayyana cewa kusan kashi 78 cikin ɗari sun ce i, ita ma an daɗe ana jin labarinta daga bakin waɗanda suka yi nasara. Babban littafin da ya bi tarihin Sawaba daga bakin tsofaffin ƴaƴanta, ɗan ƙasar Holan ne, Klaas van Walraven, ya fitar da shi a 2013. Ƙasar ba ta rasa masana ba: Bubu Hama, Andre Salifu da ya rubuta tarihin Damagaram da na Kawsan, Jibo Hamani da ya rubuta na Adar da na Ayar, duk sun bar aiki mai nauyi. Sai dai littattafansu da Faransanci suke, ga tsada, ga wuyar samu, ɗan kasuwar da ke karatu da Hausa ko ajami ba shi da hanyar kaiwa gare su.

Haɗarin da ke gaba shi ne a sauke waƙar wani janar a ɗora ta wani. Duk wanda ya riƙe mulki, da kaki ko da babbar riga, yana son tarihi ya fito da shi fes, kuma ranar da ya ɗauki alƙalami zai yi abin da Degol ya yi, wataƙila ma ba da gwanintarsa ba. Ya rubuta, haƙƙinsa ne, ƙasa ma za ta ƙaru da shaidarsa. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne littafin mai mulki ya zama shi kaɗai ne a lakwal, ko a rufe ɗakin ajiyar takardun ƙasa ga mai bincike saboda abin da zai tono ba zai yi wa manya daɗi ba.

Saboda haka aikin a fili yake. A buɗe takardun Yamai, a nemi kwafin waɗanda ke Dakar da Faransa. A ƙarfafa cibiyoyin da ke tattara tarihin baka, irin su IRSH da CELHTO, tun sauran dattawan da suka ga 1958 suna da rai. Attajiran da ke gina masallatai da makarantu su sa hannu a fassara littattafan masanan ƙasa zuwa Hausa da sauran harsuna. Shi kuwa mai littafin Degol a ɗaki, kada ya ƙona shi, kada kuma ya bar shi shi kaɗai a kan kanta: ya nemo masa maƙwabcin da zai ƙaryata shi, ya karanta su biyun, sannan ya yanke nasa hukunci.